Ruwan Sha'ir Da Ya Koro Ni Daga Riyad

Na san abin da kuka taso kuna ji a Tasawa game da dawowata daga Riyad. Wai an kama ubanku yana dafa giya a ƙasa mai tsarki, aka ɗaure shi, aka jefo shi gida da riga ɗaya. Maganar riga ɗaya gaskiya ce. Sauran zan faɗa muku yadda ya faru, har da inda laifina yake, domin ban ɗauki alƙalami don in wanke kaina tas ba. Bashir, kai da Zainab na san Larabci ya fi zama a bakinku har yau. Ku sa ƙanwarku Amina ta karanta muku a hankali, kada ku tsallake layi.

A lokacin ina shekara ta goma sha ɗaya a Riyad, ina aikin famfo, abin da suke kira sabbak. Kamfanin da nake yi wa aiki shi ke kula da wata unguwa mai katanga can yamma, bayan Badi'a, inda injiniyoyi Turawa suke zaune da iyalansu. Wanda ya kai ni ƙasar, ya samo mini iƙama, wato takardar izinin zama, shi ne Sabi'u, ɗan wan babana, wanda kuka sani da Alhaji Sabi'u mai masallaci. Shi ne shugaban ma'aikata, shi ke raba aiki da safe, shi kaɗai ke shiga ofishin kafili, wato mai kamfanin da takardunmu suke hannunsa. Yaya nake ce masa, kuma da ya ce in shiga rijiya a wancan lokacin da na tambaye shi igiya kawai. Mu kuwa muna zaune a ɗaki biyu a Ulaisha. Uwarku Hajara tana dama kunun zaƙi, direbobi da leburori 'yan ƙasarmu suna zuwa saye ranar Juma'a bayan an sauko. Gidanmu kullum ƙamshin citta da kanumfari yake, da hayaniyarku kuna faɗa da Larabci, ita tana yi muku tsawa da Hausa.

Wata safiya Sabi'u ya kira ni gefe ya ce in je gidan wani Bature da muke kira Injiniya, wai injin famfonsa ne yake ba shi wahala, kuma in yi masa aikin da kyau don mutumin kirki ne. Na ɗauki akwatin kayana na tafi. Na zaci famfon tanki ne. Sai ya wuce da ni garejinsa, ya rufe ƙofa, ya nuna mini tukwane uku na farin ƙarfe jere a kan teburi, kowace za ta ci ruwan jarka biyu, an haɗa su da tiyo da bawul da ma'aunin zafi, ga ɗan ƙaramin injin famfo a ƙasa. Tukunyar tsakiya tana da rariya a gindinta. A cikinta yake jiƙa niƙaƙƙen tsiron sha'ir da ruwan zafi, injin ya janyo ruwan ta ƙarƙashin rariya, ya bi da shi ta cikin tukunyar ruwan zafi, ya dawo da shi ta sama, ya yi ta zagayawa. Ni ba na jin Turanci, shi kuma Larabcinsa bai wuce na kasuwa ba. Na nuna buhun na tambaye shi mene ne wannan.

"Sha'ir, sadik," in ji shi. "Irin na kanti. Mafi mushkila." Wato aboki, babu matsala.

Ku da kuka tashi a can kun san ruwan sha'ir na kwalba da ake sayarwa a kowane kanti, wanda ba ya bugarwa, har limamai suna sha. Na ce to, Bature ne, ya fi son ya yi nasa da hannunsa. Ya kunna injin don in gani. Ruwa ya zagaya kamar minti biyar, sai ya fara raguwa, sai injin ya kama kuka, sai ya tsaya cak. Na kwance shi, na duba, lafiyarsa lau. Na hura tiyo, babu abin da ya toshe. Da na sa ludayi cikin tukunyar sai na ji abin kamar tuwon da ya kwana. Na ce masa ba injin ba ne, damun ne ya yi kauri. Ya ɗauko wani littafi ya buga da yatsa, ya nuna mini lita biyu da rabi ga kowane kilo, haka littafi ya ce, haka ya auna. Ni kuwa famfo na sani, ban san damu ba.

Da na koma gida na tarar da uwarku tana tace kunu, na ba ta labari ina dariyar Baturen da ya kasa dama kunu da inji. Ba ta yi dariya ba. Aikinta ne aka taɓa, sai ta ajiye matata ta fuskance ni.

"Malam, ƙullu in ya yi kauri tsiro ba ya ratsa shi. Zaƙin sai ya maƙale a cikin dusa. In ka matse shi da ƙarfi kuma sai ya toshe matata, ko ɗigo ba za ka samu ba. In ka cika masa ruwa ya zama tsararo, ka yi asarar hatsinka. Kuma wa ya ce masa ana dama abu a tace nan take? Ai sai an bar shi ya kwanta."

Na ce ai ya auna yadda littafi ya ce.

"Littafin ya san tukunyarsa? Ka ce akwai rariya a gindi. Ruwan da ke ƙarƙashin rariyar, hatsi yana shan sa ne?"

Wallahi na daɗe ina kallonta. Abin da injiniya mai digiri ya yi wata uku bai gano ba, ta gano shi hannunta dumu-dumu da gasara. Washegari na koma na zuba ruwa a tukunyar babu hatsi, na auna abin da ke kwanciya ƙarƙashin rariya da cikin tiyo da cikin injin, na samu ya kusa lita huɗu. Wannan ruwan duk Injiniya yana lissafa shi cikin na damu, alhali hatsin bai taɓa ganinsa ba. Na ce a ware shi daban. Gwajin farko na yi zari, na sa lita huɗu ga kilo, tukunya ta cika har tana neman ambaliya, ruwan ya fito salam, kuma babu sauran wurin ruwan ɗauraya. Na biyu na sauko zuwa uku, bayan wancan na ƙarƙashi. Na sa aka bar damun ya kwanta minti goma kafin a taɓa injin, na buɗe bawul kaɗan, ba duka ba, na zuba ɓuntun shinkafa tafi biyu don hatsin kada ya dunƙule. Injin ya yi awa guda yana zagayawa bai yi tari ba. Ruwan da ya fara fitowa da duhu-duhu ya dawo garau kamar zuma. Injiniya ya rungume ni yana ihu. Ya ɗebo a kofi ya ba ni, na sha. Zaƙi ne zalla, mai ɗumi, babu komai a cikinsa da zai juya kan mutum, kuma har gobe ina rantsuwa a kan haka. Na cika gora na kawo gida. Bashir, ka sha. Zainab, kin sha har kina lashe kofi. Da hannuna na ba ku.

Daga nan duk sati biyu sai ya kira ni ranar damu. In ya canja hatsi, ni ke cewa a ƙara ruwa ko a rage. Ranar da ya sa alkama a ciki na ce a sassauta damun, don alkama tana da yauƙi. Ya kan tsaya da littafinsa yana rubuta abin da na faɗa, ni ɗan Tasawa da ban gama firamare ba. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya shiga kaina. Shekara goma sha ɗaya ina kwance a ƙarƙashin bahon wankan mutane, ba wanda ya taɓa tambayata ra'ayina a kan komai. Aikina yana ƙarewa da an gama tacewa. Sai ya tafasa ruwan, ya zuba wani koren ganye mai ɗaci, ya ce shukran sadik, in kama hanya. Inda ruwan yake zuwa bayan nan ban taɓa gani ba.

A nan laifina yake, kuma ina so ku karanta shi sau biyu. Wata rana ina cin abinci ina yabon kaina, uwarku ta ce:

"Malam, wane irin kunu ne wannan da ba a shan sa ranar da aka dama? Ni nawa in ya kwana biyu a zafin nan ka san abin da yake zama."

Na ajiye cokali na hau ta da faɗa. Na ce ita me ta sani game da kayan Turawa, suna da firji, suna da magunguna, Yaya Sabi'u da kansa ya tura ni, ko tana nufin Yaya zai tura ni cikin haram? Na yi ta ɗaga murya har kuka yi tsit a ɗaki. Ta ce Allah ya ba ka haƙuri, ta kwashe kwanuka. Ba don ta yi ƙarya na yi fushi ba. Tambayar ta riga ta zo mini tun ranar da na ga yana rufe ƙofar gareji, na danne ta don ina jin daɗin a ce da ni gwani. Da na tambaya a ranar, da wannan babin bai kai shafi ɗaya ba.

Kafin shekara ta raba, Sabi'u ya tura ni gidaje uku a unguwar in haɗa musu irin tukwanen Injiniya. Ni na yanka tiyo, ni na ɗaura injin, ni na auna wa kowa ruwan ƙarƙashin rariyarsa na rubuta masa a jikin bango, har da sunana a ƙasa. Sabi'u ke kawo tukwanen da buhunan sha'ir a motar kamfani. A wannan shekarar ya sayi fili a gida.

Ranar da abin ya fashe, da rana tsaka ce, ana zafi kamar wuta. Matar Injiniya ta kira ofis cewa ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin ƙofar wani ɗan ɗaki a bayan kicin, mijinta kuma yana wurin aiki. Aka tura ni. Ta buɗe mini da makulli ta koma ciki. Na'urar sanyaya ɗakin ce ta mutu tana zubar da ruwa, amma ba ita ta tsayar da ni a bakin ƙofa ba. Warin ne. Ina yaro akwai wani gida a bayan tasha da ake hana mu bi ta ƙofarsa, gidan burkutu, kuma hanci ba ya mantuwa. Ga jarkoki manya guda huɗu suna kumfa suna ɓulɓul, ga kwalabe jere har rufi, wasu sun fashe saboda zafi, ruwan ya malale a ƙasa ina tsaye a cikinsa da takalmina. A jikin kowace jarka an manna takarda da kwanan wata, kuma na gane kwanakin. Ranakun damuna ne. A kan wata ma an rubuta sunana da harufan boko, Lawali, da lamba uku a gefe, awon ruwan da na ba shi.

Ban gyara na'urar ba. Na zauna a bakin gareji cikin rana har Injiniya ya dawo. Na ja shi zuwa ɗakin na nuna masa, na ce haram, na ce ka ce mini irin na kanti ne. Ya ɗaga kafaɗa yana murmushi.

"Inta ma'lum, sadik. Kullu ma'lum."

Wai na sani, kowa ya sani. Na ɗaga sifana, kuma Allah ne kaɗai ya riƙe hannuna, don na ga inda zan sauke ta a goshinsa. Na juya na shiga gareji, na kwance injin da na yi wata takwas ina lallashi, na ɗora shi a kan siminti na yi ta dukansa har ya tarwatse. Yana tsaye yana ihu da Turanci. Na bar masa tarkacen na tafi neman Sabi'u.

Na same shi a ɗakin ma'aikata yana shan shayi. Na ce Yaya, ka san abin da ake yi da tukwanen nan? Ko gezau bai yi ba.

"Zauna, Lawali. Kai giya ka dafa? Ruwa ka auna. Mai sayar da dawa a kasuwa yana bin kowa gida ya ga abin da zai yi da ita?"

"Mai sayar da dawa ba a kai shi gidan burkutu a ce ya gyara musu murhu. Ka sani tun ranar farko?"

"Na sani. Kai ma ka sani, kada ka yi mini fuskar malamai."

"Na ba 'ya'yana sun sha, Yaya. Matata ce ta koya mini awon. Ka sa hannun Hajara a cikin giya, tana zaune a ɗakinta da alwalarta."

"To yanzu me kake so? Ka je ka faɗa? Su Turawa jirgi za a sa su, su tafi gida su ci gaba da shan abinsu. Ni da kai za a zane, a ɗaure. Sunan wa ke jikin bangon gidajen nan uku, nawa ko naka? Gobe ka sayo wa mutumin nan injinsa, ka ba shi haƙuri."

Na ce ba zan saya ba, ba zan ba da haƙuri ba, kuma ƙafata ba za ta sake taka garejin kowa ba. Na ce ko wanke masai na unguwar gaba ɗaya zai tura ni, na yarda, amma tukunya na gama. Na ce masa ba zan kai ƙara ba, saboda zumunci, saboda kuma tsoron da ya faɗa gaskiya ne. Ya dube ni ya ce in je gida in huta sati guda, zuciyata ta sauka, shi zai san abin da zai gaya wa kafili.

Na gode masa. Ku ji fa, na gode masa! Na koma Ulaisha na durƙusa a gaban uwarku na nemi gafararta, ta yi kuka, ta zubar da kunun da ta dama ranar duk da babu abin da ya same shi, ta ce hannunta take ƙyama. Ina zaune a gida ina istigfari, ashe Sabi'u ya shiga ofis ya ce na gudu daga aiki, ba a san inda nake ba. Kafili ya rubuta ni hurub, wato ma'aikacin da ya tsere. Mai hurub iƙamarsa ta mutu, maganarsa ma ta mutu, don ko ya je ya ce ga abin da ake yi a gidan wane, za a ce ɓarawo ne yake neman abokin faɗuwa. Abin da Sabi'u yake so ke nan. A rana ta shida na fita da hantsi sayo wa uwarku gero a wajen Shumaisi, aka tare motar da nake ciki ana duba takardu. Jami'in ya sa lambata a na'urarsa, ya ce in sauko. Shi aikinsa ya yi, ban riƙe shi da komai ba. Na yi sati bakwai a gidan da ake tara waɗanda za a kora, sannan aka ɗauki hoton yatsuna aka sa ni a jirgi. Sabi'u bai zo ba ko sau ɗaya. Uwarku tana da cikin Amina wata biyar.

Shekara biyu da wata huɗu kafin ku iso Tasawa. Uwarku ta riƙe ku da kunun nan, da hannun da ta ce tana ƙyama, don babu wata sana'ar. Amina ta zo duniya ban yi mata huɗuba ba, ranar da na fara ganinta tana tafiya da ƙafarta, ta ɓuya a bayan zanen uwarta tana tambaya wane ne wannan. Injiniya, na ji labari, ya gama kwangilarsa lafiya, aka yi masa walimar bankwana. Ni kuwa kafin jirgina ya sauka labari ya riga ni gida, domin Sabi'u ya buga wa babana waya yana kuka, wai ya yi iya ƙoƙarinsa ya rufa mini asiri amma an kama ni da tukwane. Babana ya rasu bayan wata tara yana amsa gaisuwata da ka kawai. Na faɗa masa gaskiya sau uku. Ya ce Sabi'u ne ya kai ka Riyad, Sabi'u ne zai yi maka ƙarya? A masallacin unguwa in na shiga sahu sai na ji na kusa da ni yana jan numfashi, yana shinshina ni.

Bayan shekaru Sabi'u ya dawo da naɗin rawani, ya gina masallacin da kuke wucewa kullum. Bara da ciwo ya kwantar da shi ya aiko a kira ni. Na je. Ya rame har ban gane shi ba. Ya sa aka fitar da kowa daga ɗakin, ya kama hannuna ya ce Lawali, ka yafe mini abin da ya faru a Riyad. Na ce Yaya, zan yafe, amma a kira liman da mutum biyu daga cikin dattawa, ka faɗi a gabansu abin da ka faɗa wa babana da abin da ya faru a gaskiya. Magana uku ce, ba za ta gajiyar da kai ba. Sai ya saki hannuna.

"Ina da 'ya'ya, Lawali. Ka bar ni in tafi da mutuncina."

Na ce ni ma ina da su. Na tashi na fita.

Ya rasu bayan kwana goma sha ɗaya bai kira kowa ba. Na je jana'iza, na sa kafaɗata a makararsa, domin ɗan wan babana ne kuma haƙƙinsa ne a kaina. Malamai sun yi ta yi mini nasiha cewa mai yafiya shi ke da riba, kuma ban ce sun yi ƙarya ba. Na gwada, a sujada na gwada, abin bai fita ba. Idan Allah ya sassauta zuciyata kafin in mutu, zan kira ku in faɗa muku da bakina. Idan kuwa ba ku ji daga bakina ba, to duk wanda ya tashi a kan gawata ya ce Lawali ya yafe wa kowa, ku ce masa ban da mutum ɗaya.